Yadda Na Ceto Kwamfutar 1998 Daga Hannun 'Yan Gwangwan a Legas Har Ta Tashi

Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya rasu a daminar 2022 bayan ya shafe fiye da shekara 30 a Agege. Ɗan goro ne tun asali, amma da yake yana da ilimin boko, shi ne ya daɗe yana riƙe da littafin 'yan layinsu, kuma daga 1999 ya buɗe ɗan shagon buga takardu kusa da titin jirgin ƙasa, inda ni kaina na fara ɗora yatsa a kan kibod. Bayan sadakar arba'in sai mai ɗakinsa ta aika a kira ni, ta turo mini wani kwali da ƙafa, ta ce, "Ɗan nan, kai ne ka san kan waɗannan abubuwa. Ka duba, in akwai haƙƙin wani a ciki a sauke masa." Na ce, "To, Hajiya, in sha Allahu." A cikin kwalin akwai disket 64, irin masu inci uku da rabi da ke ɗaukar megabait 1.44, da faifan Windows 98 tare da ɗan littafinsa mai ɗauke da lambar shigarwa, da faifan Office 97. Ita kuwa kwamfutar tuni aka sayar wa masu kura da ke bi layi-layi suna sayen ƙarafa. Abin da ya biyo baya ya ci mini wata huɗu, kuma rabin wahalar rashin sani ne ya jawo ta, shi ya sa nake so in zayyana shi daki-daki.

Da farko na bi hanya mafi sauƙi, wadda har yanzu ita nake fara nuna wa duk wanda takardu kawai yake nema. Na ari na'urar karanta disket mai shiga ramin USB a wurin wani abokin aiki, na jona wa laftof ɗina. Ta karanta 23, sauran kuwa sai dai ta yi ta gurnani ta ce a goge faifan. Waɗanda suka buɗe ma, duk wasiƙar da kawu ya rubuta da Hausa ta fito a dagule, inda ya kamata a ga ƙ ko ɗ ko ɓ sai a ga wata alama dabam. Dalili shi ne a wancan zamanin haruffan da ke zuwa da kwamfuta ba su da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, sai an saka wani salon haruffa na musamman, irin wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi ɗawainiyar samarwa, wanda ke aron gurbin wasu alamomi ya zuba baƙaƙen Hausa a ciki. In babu wannan salon a kwamfutarka, alamomin da aka ara su za ka gani. A nan ne na ƙudurta neman irin kwamfutar da aka yi aikin da ita, kuma ba zan ɓoye ba, akwai begen ƙuruciya a cikin wannan ƙuduri.

A watan Janairun 2023 na yi Asabar biyu ina zarya a Computer Village ta Ikeja. Tun Yunin 2022 aka hana acaba a Ikeja, saboda haka danfo nake hawa daga Agege in sauka ƙarƙashin gada in ƙarasa da ƙafa. Tun kafin ka shiga titin Otigba 'yan kamasho za su yi maka caa, kowa na cewa yana da abin da kake nema tun kafin ka faɗe shi. Wani ya zaunar da ni a benci kusan awa ɗaya da rabi, daga ƙarshe ya dawo da kwamfutar da ba ta wuce shekara goma ba. Kasuwar ta waya da laftof ce a yau, kuma hayar shago ba ta barin kowa ya ajiye abin da sai shekara-shekara ake tambaya. Wani dattijon Ibo mai sayar da firinta a saman bene ne ya yi mini gaskiya. Ya ce abin da nake nema ba ya kwana a shago, in tafi Alaba in nemi 'yan uwana masu farfasawa, domin duk abin da ya kwanta a kwantena a hannunsu yake ƙarewa.

Hanyar Alaba daga Agege doguwa ce. Na bi ta Iyana-Ipaja da Igando na ɓulla Iyana-Iba, sannan na hau wata motar zuwa kasuwar, tafiyar da ta ci mini kusan awa uku saboda cunkoso. A bayan layukan kayan tokumbo akwai fili inda 'yan gwangwan ke aiki, akasarinsu matasanmu ne daga Arewa. Na tsaya na kalli wani yaro da bai wuce shekara 18 ba yana kwance kwamfuta da guduma da sukudireba: gangar jiki ya jefa tulin ƙarfe, wayoyi ya cusa a buhu saboda jan ƙarfen da ke ciki, babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira madabod, ya ware gefe guda domin shi a kan sikeli ake sayar da shi saboda ɗan zinaren da ke jikin haƙoransa. Bai yi minti biyar ba ya gama da ita. Na yi sallama da ubangidansu, wani Basakkwace mai fara'a, na nuna masa hoto a waya, na ce ina son fara ko ruwan madara, mai ramin disket a gaba, kuma kada a taɓa ta da guduma. Ya ce, "Malam, irin wagga takan shigo, amma ba ta yini. Bar lambarka." Na bar lamba, na ba yaran kuɗin shayi, na dawo gida hannu rabbana.

Kwana 12 na yi ina jira. Ranar da ya kira, ƙarancin takardun kuɗi na canjin naira ya kai maƙura, shi kuma ya ce ba ya karɓar tiransifa domin yaransa kuɗi a hannu suke so. Sai da na biya mai POS N1,500 kafin ya ba ni N10,000. Kwamfutar doguwa ce ta tsaye, tambarin kamfanin ya ɓare, gefe ɗaya ya lotsa, amma da muka buɗe sai na ga komai na nan: furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi, Pentium II mai gudun megahaz 350, irin baƙin nan mai kama da kaset da ake cusawa a tsaye cikin ramin da ake kira Slot 1, da madabod mai ɗauke da Intel 440BX na shekarar 1998, wato ƙwayoyin da ke haɗa furosesa da sauran kayan, da RAM, ma'ajin wucin gadi da take aiki da shi in tana kunne, megabait 64. Muka daidaita a kan N9,000. Na roƙe shi ya sa a rubuta mini takarda mai ɗauke da kwanan wata da kuɗi da lambar wayarsa, domin ɗaukar kayan lantarki a titin Legas ba tare da rasit ba neman magana ne, kuma an tambaye ni ita sau ɗaya a hanya. A cinyata na riƙe ta har Agege.

A daren ne na yi kuskuren da ya sa nake wannan rubutu. Ina idar da sallar isha'i na goge mata ƙura da tsumma, na jona waya, na kunna soket. Sai ƙara kamar an fasa ƙwai na fitila, hayaƙi mai ɗaci ya fito ta baya, wutar ɗakin ta ɗauke. Na daɗe a zaune cikin duhu gabana yana faɗuwa, ina tuna awa shida na mota da kwana 12 na jira. Da safe na haska bayanta, sai ga wani ɗan jan maɓalli a jikin akwatin wutar, wanda 'yan kasuwa ke kira fawa-fak, an rubuta 115 a kansa. Kayan Amurka ne, wutarsu ba ta wuce bolt 120, tamu kuwa 230 ce. Da na tura wannan maɓalli da bakin sukudireba ya koma 230, aikin daƙiƙa biyu, da babu abin da ya faru. Sabbin akwatunan wuta da yawa suna daidaita kansu, shi ya sa wanda ya saba da kayan yanzu ba ya ko tunanin dubawa.

Na ɗauke ta zuwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a unguwarmu, wanda tun ina yaro nake ganinsa a bakin teburinsa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Yaro, tsohon kaya ba a gaishe shi da wuta. Da ido ake fara gaishe shi, sannan hanci, sannan mita." Na ce, "Baba, ai na ji a jikina." Ya sa na zare duk wayoyin da ke shiga madabod, muka fito da shi muka shimfiɗa a kan kwali, ya bi shi da tabarau mai ƙara girma. Babu alamar ƙuna, wato ɓarnar ta tsaya a fawa-fak. Amma ya nuna mini wasu ƙananan gwangwanaye a gefen furosesa, waɗanda shi yake kira kondensa, guda bakwai kansu ya kumbura, biyu har sun fitar da wani abu ruwan ƙasa kamar tsatsa. Ruwan sinadari ne a cikinsu, kuma zafi da shekaru suna busar da shi ko su sa ya yi yoyo. Ya rubuta mini lambobinsu a takarda, ya ce ƙarfin ajiyar ya zama daidai da na tsohon, lambar bolt kuwa in ta ɗara ba laifi amma kada ta gaza, kuma in nemi masu tambarin digiri 105. Na sayo a Ikeja kan N3,500, na biya shi N4,000 ladan aiki. Yini guda ya yi yana cire su da ƙarfen dalma, yana nuna mini farin layin da ke jikin kowanne, wanda ke nuna ƙafar da ba a juyawa, domin in aka juya ta fashewa yake yi.

Fawa-fak na tokumbo na samu a kan N6,000, kuma Baba bai bari ya taɓa madabod ba sai da ya gwada shi shi kaɗai. Ya lanƙwasa ɗan guntun waya ya haɗa koriyar waya da baƙa a bakin babban filogi, fanka ta juya, sannan ya bi da mita: ja ta ba da bolt 5, rawaya 12, ruwan lemo 3.3. Ya kuma jera tsohon filogin da sabon ya kwatanta launi da launi, domin wasu manyan kamfanoni na wancan lokaci sukan yi filogi mai siffa iri ɗaya amma su sauya jerin wayoyin, wanda in ba a lura ba madabod ne zai tafi. Filogin yanzu haƙori 24 gare shi, na da kuwa 20, saboda haka sai a nemi wanda huɗun ƙarshe ke ɓallewa. Muka jona furosesa da RAM da katin hoto, wanda ke aika hoto zuwa monita, su kawai, ba tare da komai ba, muka kunna. Fanka ta juya, ƙaramar sifika ta yi ƙara ɗaya doguwa da biyu gajeru, allo bai nuna komai ba. A irin wannan BIOS na kamfanin Award, wato ƙaramar manhajar da ke jikin madabod mai duba kayan kwamfuta da zarar an kunna ta, wannan ƙara tana nufin ba ta ga katin hoto ba. Na zare shi, na goge haƙoransa da magogin fensir har suka yi haske, na mayar. Da rubutu fari ya bayyana a kan baƙin allo, tana ƙirga RAM ɗinta, sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Ta koka cewa ta manta kwanan wata da saitinta, wanda batirin CR2032 na N300 ya magance.

Rumbun ajiyarta na asali, mai gigabait 4.3, ƙas-ƙas kawai yake yi, ya riga ya mutu. Na so in sayi wani tsohon, amma duk wanda za ka samu mai faffaɗar wayar IDE mai haƙori 40 ya riga ya tsufa, kuma damshin Legas ba ya raga wa irin waɗannan kaya. Sai na yi odar ɗan allo da ke karɓar katin ajiya irin na kyamara, wanda ake kira CompactFlash, ya mayar da shi kamar rumbun IDE, tare da kati mai gigabait 8, duka N11,000, na jira mako uku. Na zaɓi ƙarami da gangan, domin tsofaffin BIOS suna da iyaka, wasu kan rikice da zarar rumbu ya haura gigabait 32. Kibod mai zagayayyen filogin PS/2 ya ci N2,500, na'urar disket ta ciki kuma N3,000, wadda na goge kanta da auduga da sifirit mai tsabta kafin in saka mata komai. Ranar da na fara saka Windows 98 an ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi, dole na goge katin na sake daga farko. Ban ƙara gwadawa ba sai da na aro UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, a wurin maƙwabcina, kuma ban taɓa jona ta kai tsaye da ƙaramin janareto ba, domin wutarsa hawa da sauka take yi.

Cikin azumi na zauna wa disket ɗin, biyar ko shida kowane dare bayan tarawihi. Kafin in saka kowanne sai in tura ɗan makullin da ke kusurwarsa har ramin ya buɗe, yadda kwamfuta ba za ta iya rubuta komai a kai ba, sannan in ja marfin ƙarfen in leƙa faifan da ke ciki. Takwas na samu da farin fumfuna, na ware su, domin in ka saka mai fumfuna zai shafa wa kan na'urar, ita kuma ta kankare duk na bayansa. A ƙarshe 51 suka buɗe. A cikin waɗanda na'urar USB ta kasa karantawa akwai wani da kawu ya rubuta wa "haruffa" da jan biro. Na kwafi fayil ɗin zuwa ma'ajin haruffa na Windows, na buɗe wasiƙa a Word 97, sai ga kowace ƙ da ɗ ta zauna a mazauninta. Daga nan aikin ya yi sauƙi, domin katin CompactFlash ana zare shi a saka a laftof a kwashe komai, sannan na bi alamomin ɗaya bayan ɗaya na musanya su da baƙaƙen Unicode da kowace waya ke ganewa a yau. Na buga wa Hajiya jerin basussukan da na tarar, waɗanda ake binsa da waɗanda yake bi. Akwai mutum biyu da ba a rubuta an biya su ba. Ɗaya yana raye, ya ce an biya shi tuntuni, ɗayan kuma aka kai wa magadansa.

Sai bayan an sauke wannan nauyi na shiga ƙara mata ƙarfi, kuma a nan ma na yi asara. Na sayi RAM megabait 256 a kan N3,000, irin PC100 mai haƙori 168, amma da na saka sai ta ga 128 kawai, mai shagon kuma ya ƙi karɓa domin a tasa na'urar cikakke yake nunawa. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangare. Shi 440BX ba ya gane 256 sai wanda ke da ƙwayoyi 16, takwas a kowace fuska, ni kuwa na sayo mai takwas kacal. Na sake biyan N5,000 na sayi na daidai, na tsaya a nan, domin Windows 98 yana fara rikici in RAM ya haura 512. Basakkwacen nan kuma ya samo mini Pentium III mai gudun 500, na farkon fitowa a 1999, kan N4,000. Na zaɓe shi ne saboda yana shan bolt 2 kamar wanda na cire, alhali waɗanda suka biyo bayansa suna buƙatar ƙasa da haka, kuma ba kowane tsohon madabod ke iya ba su ba. Da ta tashi sai ta ci gaba da kiransa da sunan tsohon, amma gudun 500 take nunawa. Sabunta BIOS zai gyara sunan, sai dai na ƙi, domin in wuta ta yanke ana cikin wannan aiki madabod ya tashi daga aiki, kuma ban ga hikimar sayar da rai saboda suna ba.

In aka haɗa kayan da ladan gyara, kuɗin ya ɗan haura N51,000 a farashin wancan lokaci, ban da kuɗin mota da na POS, kuma N9,000 daga ciki, na fawa-fak da na RAM ɗin farko, rashin sani ne ya ci su. Wanda zai bi wannan hanya a Legas ya fara da 'yan gwangwan, ya je da hoto, ya bar lamba, ya kuma kyautata musu, domin su ne ke ganin kayan kafin kowa, kuma abin da suke samu a sikeli ba shi da yawa, in ka ɗara musu za su ajiye maka. Ya karɓi takarda ko da a bayan kwalin sigari ce. In ya isa gida ya duba jan maɓallin nan, ya buɗe ya leƙa, ya gwada fawa-fak shi kaɗai, sannan ya kunna da mafi ƙarancin kaya yana ƙara ɗaya bayan ɗaya, yadda in matsala ta taso zai san mai laifi. Ya kwashe bayanai kafin ya taɓa wani gyaran ƙawa. Tsohuwar monita mai ƙeya kuwa kada ya buɗe ta da kansa, domin tana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare ta daga soket. Ajiya ma sai da lura a garin nan: tawa tana kan kanta nesa da ƙasa da bango, na rufe ta da yadi maimakon leda, kuma ina kunna ta kowane mako biyu domin ɗuminta ya kori damshi.

Yanzu guda huɗu gare ni. Ta baya-bayan nan 486 ce, irin wadda ta girmi Pentium, da Basakkwacen ya ɓoye mini a ƙarƙashin buhunan waya, kuma irinta ba ta amfani da batiri mai kama da kwabo, wani ne mai siffar ƙaramar ganga da aka like da dalma a jikin madabod. Ya riga ya fara yoyo, kore-kore ya bi layukan jan ƙarfe har kusa da ramin kibod. Na datse shi da filaya tun a daren da ta iso, na goge wurin da ruwan khal sannan da sifirit. Layi uku sun cinye, kuma Baba ya ce in kawo ta ranar Asabar bayan la'asar, wannan karon ni zan riƙe ƙarfen dalmar shi yana kallo.